Tantin Malam da Mutanen Hanya

A ƙasarmu mata da miji ba sa kama hanya haka siddan. Tafiya sai da dalili, dalilan kuma ƙidayayyu ne: rasuwa, biki, suna, dubiya, sai ko rakiyar maniyyaci. Saboda haka da Malam ya ajiye alli bayan shekarun da ya kwashe yana koyar da labarin ƙasa, ya shiga gwanjo ya sayo tanti mai cin mutum biyu, ya ce za mu zaga dangi da tsohuwar motarsa, na san za a sha kallo. Tsarin a takarda ya zana shi, da rula: Kano zuwa Daura, mu tsallaka Damagaram, mu dawo ta Maigatari, mu ratsa Gumel da Haɗeja, mu gangara Azare da Misau har Yankari, mu komo gida ta Ningi da Birnin Kudu. Inda la'asar ta yi mana nan za mu nemi fili mu kafa tanti, don yanzu ba mai hankalin da ke tafiyar dare. Na ɗaure risho da tukwane, tabarma, gidan sauro, buta da jarkar ruwa. Ramukan titi mun yi musu shiri, haka ma tsadar mai. Mutane ne ba su shiga takardar Malam ba.

Masu neman dalili su suka fara tare mu, tun ba a tayar da mota ba. "Lafiya dai ko?" Ka ce lafiya ƙalau, zumunci ne. Sai a dube ka, a rage murya: "To wa ya rasu?" Ka ce ba kowa. A nan suke gane akwai abin da kake ɓoyewa, su kuma ɗaukar wa kansu aikin tono shi. Kafin mu kai Dambatta layinmu ya rabu gida uku: masu cewa Malam takara zai fito, masu cewa bashi ya ci yana neman maɓoya, da masu cewa ni ce ba lafiya ana kai ni wajen mai magani a asirce. Wata maƙwabciyata ma ta ja ni bayan ƙyaure ta ce in buɗe idona, namijin da ya tashi rana tsaka ya ce zai kai ki ganin dangi, dangin amarya yake so ki fara sabawa da su.

Daren tafiya na masu saƙo ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, duk motar gidan da za ta bar gari ta zama ta al'umma. Sallamarsu iri ɗaya ce: "Ɗan saƙo ne, ba nauyi." Ɗan saƙon nan kan keken ɗinki ne, ko jarkar manja mai murfin leda, ko katifa. Adireshi kuwa, a ba Maman 'Yan Biyu a Kazaure, kowa ya san ta. Kazaure dai, mun tabbatar, Allah ya albarkace ta da tagwaye. Saƙo na ƙarshe da ƙafarsa ya zo, almajiri ne da allonsa da akwatin ƙarfe, a sauke shi "a kan hanya". A kan tantin ya zauna.

Ba zan ce komai ba a kan mutumin da ya koyar da taswira shekara da shekaru, wanda tsayawa tambaya a wurinsa zubar da girma ne, don ina son aurena. Zan dai ce akwai irinsa, kuma a kujerar direba ake samun sa. Idan matar nan ta cikin Google Maps ta ce a yi dama ya yi mata gardama, idan sabis ya ɗauke ta yi shiru ya ce ai ya faɗa, ba ta san ƙasar ba. Sai an ga rana ta koma gefen da bai kamata ba sannan a sauke gilashi a yi wa mutanen gindin bishiya sallama.

Su kuma masu kwatance ba sa cewa ba su sani ba, abin kunya ne baƙo ya tambaye ka ka sallame shi hannu rabbana. "Ai kun ma zo. Ku miƙe samɓal, in kun kai inda tsamiyar nan take a da, wadda aka sare, sai ku yi gabas." Na kusa da shi ya ce a'a, ta nan yashi zai riƙe su, su bi ta gonar marigayi. Gardama ta kaure, ta tashi daga kan hanya ta koma kan wanda ya sare tsamiyar, aka manta da mu. Mafi hatsari cikinsu shi ne wanda ke miƙewa ya kakkaɓe riga ya ce, "Ai can na nufa, mu je in nuna muku." Ya shigo da ɗan akuyarsa a hammata, ya yi ta "miƙe, karya nan, bi ta can" har ƙofar gidansa. Ya sauka, ya yi mana addu'a mai kyau, ya ce daga nan sai mu tambaya.

Masu shinge ba sai na ɓata tawada ba, kowa ya san katakon nan mai ƙusoshi da "Alhaji, yaranka na nan cikin rana." Ɗaya kawai nake tunawa, wanda ya buɗe but ya ga tanti, turaku, igiya, tocila da adda, ya dube mu, ya sake duban kayan. A wannan zamanin ban ga laifinsa ba. Malam ya ɗauko bayani tun daga amfanin shaƙar iskar daji, bawan Allah ya saurara har ya gaji, ya zagayo tagata ya ce, "Hajiya, da son ranki kike cikin tafiyar nan?"

Iyakar Nijar a buɗe muka same ta, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023 ta kai har Maris na 2024. Can kuma mai shayi ke jiran mu, ɗan kawuna ne a Damagaram. Da zarar ya jawo ɗan murhun waya ya hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa, to ku cire takalma. Zubi uku ne, ba a tashi a na ɗaya, ba a tashi a na biyu, kuma kafin kowane zubi sai ya ɗaga buta sama ya tsiyaya a ɗan kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta gamsar da shi. Abin da za a miƙo maka bayan wannan aiki bai wuce kurɓi biyu ba. Azahar a gabansa, la'asar a gabansa. A kasuwa kuwa da dala ake ƙirge, dala kuma sefa biyar ce, in mai kilishi ya ce ɗari to ɗari biyar yake nufi. Malam ya miƙa ɗari cif yana yaba arhar Nijar, mai kilishi ya karɓe kilishinsa cikin ladabi.

Kowane gari da mai tarihinsa. Na bakin rijiyar Kusugu a Daura in yana ba ka labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sai ka rantse shi ya riƙe masa linzami. Wani dattijo a Damagaram har yau bai huce ba da ɗauke babban birnin ƙasa da Faransawa suka yi daga garinsu zuwa Yamai a 1926. Ba a haife shi ba lokacin, amma shi aka yi wa. A Haɗeja yaƙin 1906 ne, da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, za a ba ka shi ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Duk ina jin daɗinsu. Inda ake samun matsala shi ne a haɗa mai tarihi da Malam, balle in shi ma tsohon hedimasta ne. Ba mai sauraron wani, kowa jira yake ɗan'uwansa ya ja numfashi ya cusa "a'a, ba haka aka rubuta ba." Ni mota nake komawa in ci gyaɗata.

Amma duk waɗannan share fage ne. Gwanar ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Kowane dangi na da irinta, mai riƙon baƙo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta ɗauke ta, amma ban taɓa jin wanda ya shiga gidanta ya fita ranar da ya yi niyya ba.

Ranar Talata da hantsi muka isa, da niyyar mu gaisa, mu sha ruwa, mu wuce. Tun a mota Malam ya ja min kunne: kada in cire mayafi, in ta ce a ci abinci mu ce mun ƙoshi. Gwaggo ba ta ce a ci abinci ba. Ba ta ma ce mu zauna ba. Guɗa ta rangaɗa, ta kama hannuna ta yi ɗaki da ni, yara kuma suka yi ciki da jakarmu ba wanda ya sa su a gabanmu. Muna cikin "ina gajiya, ya mutanen Kano, ya muka ji da sanyi" sai na ji kukan zakara a bayan ɗaki, irin kukan da ba a yi sau biyu. Ta dube ni ta ce, "Ga shi kuma yaran nan sun riga sun yanka." Wa zai tashi ya bar zakaran da ya mutu dominsa? Zakaran ƙauye kuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsere da shaho, ba ya nuna kafin la'asar. La'asar na yi Gwaggo ta leƙa sama ta ce ai rana ta tafi, hanyar nan ba a bin ta da yamma. Dokar Malam ce aka karanto masa, ba shi da ta cewa.

A nan ya ambaci tanti. Ya ce to ba komai, za mu kafa a filin bayan gida, kada a takura kowa. Gwaggo ta sa aka ɗauko shi aka baje a tsakar gida, ta zaga shi, ta zungure shi da sandarta.

"Wannan na Mina ne?"

Ya ce a'a.

"Gobara kuka yi?"

"A'a, Gwaggo, sha'awa ce kawai."

"To ni ce na mutu ke nan. Ɗan yayana ya zo garin ubansa ya kwana a cikin buhu, gari ya waye a ce Gwaggonsa ta rasa ɗakin da za ta ba shi."

Ta kama gefen zane ta kai ido. Ni ban ga hawaye ba, amma Malam ya gani. Aka kai shi shagon samari a ƙofar gida, ni aka ba ni gadonta na ƙarfe mai rumfa, ita ta sauka ƙasa, na yi rantsuwar duniya ta ƙi hawa. Tafiyar da aka shirya don mata da miji su sami lokacin juna, sai ga mu muna gaisawa ta bakin yara: "Baba na Kano ya ce wai ina cajarsa."

Laraba na tashi da asuba in haɗa kaya, na tarar da jaka wayam. Na fito, ga kayanmu kaf a cikin baho an jiƙa, har da waɗanda ba mu sa ba, har da hular Malam ta zuwa Juma'a wadda mai wankin hula kaɗai ke taɓawa. Gwaggo na kan 'yar kujerarta tana jan carbi. "Na ga duk ƙurar Nijar ce, na ce yaran nan su ɗan ɗauraye muku." Iskar hunturu ta taimake mu, kafin azahar sun bushe ƙayau. Sai ta ce ai ba a goge ba, mai dutsen guga kuma ya tafi ƙauyen gaba ta'aziyya.

Alhamis kasuwar Maigatari ce, titi cike da manyan motocin shanu, ba da ita za a jefa mu cikinsu ba. Juma'a, haba, wa ke kama hanya ba a sauko daga masallaci ba? Da aka sauko kuma rana ta tafi. Asabar sunan jikar maƙwabciya, an riga an gaya wa mai jego baƙin Kano za su zo. Abin da ya fi burge ni, ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa "kada ku tafi" ba. Kullum da daddare cewa take, "Gobe da sassafe sai ku kama hanya, ni ba na son riƙe mutane."

Tsakanin haka akwai zagayen gaisuwa. Ta sa ni gaba gida-gida tana gabatar da ni: "Matar ɗana ce, 'yar boko ce, amma tana da kirki." Kowane gida ƙwaryar fura, kuma kowace uwargida ta riga ta ji adadin ludayin da na sha a gidan da na baro, in na rage an raina ta. Na sha fura a ƙauyen nan har na fara tausayin shanunsu.

Ranar da ta sake mu aka fito da tsaraba: gero rabin buhu, wake, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu a kwalbar da murfinta bai kama ba, zabi biyu an ɗaure musu ƙafa, da tulu. Malam ya ce ba wuri. Ta ce a sauke buhun kwanan nan mana, ai ta lura kazarta mai 'ya'ya na son inuwarsa. Da ƙyar ya ceto tantin. Ta rako mu har mota tana addu'a, ta kwance bakin zane ta cusa min tsohuwar ɗari biyar a hannu ta ce in sha ruwa a hanya. Sannan ta leƙa wajen Malam ta ce, "Wannan ai ba zuwa ba ne, a tsaitsaye kuka zo. Sai kun dawo sosai."

Abin da Gwaggo ta jawo mana shi ne masu lissafi. Labari ya riga mu isa Haɗeja, don yanzu kowace tsohuwa na da 'yar wayarta a ƙulle a zane. "Mun ji a can har suna kuka tsaya. Mu da yake ba mu da zabi..." Mai lissafi ta san gidan da kuka fara shiga, ta san turmin atamfar da kuka kai can da sabulun da kuka kawo nan, har da cewa na can mai ƙamshi ne. Ba a iya mata. In kun kwana ta ce don ta yi magana ne, in kun wuce ta ce dama ta sani.

Tsakanin Azare da Misau mota ta ɗau zafi. Buɗe bonet a bakin titi kiran taro ne: mai rake ya ce lagireto, ɗan acaɓa ya ce fanbel, wani dattijo a kan keke ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki. Bakaniken da aka kirawo ya zo da sifana ɗaya da yara uku, ya kwance abin da hannunsa ya kai, ya ɗaure, ƙusa biyu suka rage masa, ya ce dama Bature kan sa su ne don ado. Motar dai ta tashi, kuma har yau ba ta nemi ƙusoshinta ba.

Tantin bai ga sararin Allah ba sai a wani ƙauye kafin Darazo, inda ba mu da kowa. Malam ya nemi izinin mai unguwa, aka nuna mana filin firamare. Kafin ya buga turke na biyu yaran garin sun kewaye mu. Waɗanda suka zaci allurar rigakafi aka zo yi suka ruga gida, waɗanda suka zaci majigi za a nuna suka zauna sahu-sahu. Duk motsin da na yi sai an yi sharhi: "Ta kunna. Ta zuba. Za ta ɗanɗana." Mai unguwa ya aiko da tuwo, liman ya aiko da tuwo, rishona ya koma abin kunya na kashe shi. Bayan isha'i kuma aka aiko mana da mai gadi.

Tsohon mafarauci ne, da gora, da tocila, da rediyo a rataye. Ya shimfiɗa buzunsa daidai ƙofar tanti, taku ɗaya daga kan Malam, ya ce mu yi barcinmu har da minshari, shi ba ya runtsawa. Don mu tabbatar ba ya runtsawa, duk bayan ɗan lokaci sai ya dalle tantin da tocila.

"Alhaji, ba ku ji komai ba ko?"

"Ba mu ji ba, Baba."

"Yauwa. Don bara war haka a daidai nan kububuwa ta sari wani."

Ya ba mu tarihin duk wanda maciji ya taɓa sara a filin nan, da irin macijin, da wanda ya tashi da wanda bai tashi ba. Tsakar dare ya kamo tasha a rediyo. Can gab da asuba muka ji shiru, sai minshari. Malam ne ya fita ya rufa masa bargo, ya ɗauki gorar ya zauna yana gadinsa har aka kira salla.

A Yankari, dajin da aka keɓe wa namun jeji tun 1956, ɗaki muka kama. Malam na ganin manyan biran wurin bai ƙara tayar da zancen tanti ba. Su kaɗai ne masu tarba a duk tafiyar da ba su tambaye mu mutanen gida ba. Ɗaya ya zo ya buɗe ledar masar da na saya a Bauchi, ya zaɓa, ya yi gaba. A ruwan Wikki, mai ɗumin nan na wajen digiri 31 rani da damina, ga 'yan hoto: an sha shadda da takalmi sau-ciki, ba a taɓa ruwan ko da yatsa ba, an juya masa baya ana murmushi. A motar zaga daji kuma ga wanda ke waya da ƙarfi yana rigimar kuɗin siminti tun daga tashi, a dawo ya ce an cuce shi bai ga giwa ba.

Don adalci, akwai wata irin mata da ya kamata a ambata. Ita ce mai yi wa masu saƙo tsiya a kan cika mota, amma ba ta iya wuce kasuwar ƙauye. "Malam, ɗan tsaya, kallo kawai zan yi." Tabarmar kaba a nan, faifai a can, zuma, randar ƙasa alhali da firji a gida, turmi da taɓarya don sun fi na Kano sauƙi da abin da bai kai kuɗin man da aka ƙona ana jiran ta ba. Ranar Juma'a an gan ta a kasuwar Wudil tana taya tunkiya. Mijinta mutum ne mai haƙuri, tsohon malamin labarin ƙasa.

Duk waɗanda na lissafa, in Allah ya kai mu baɗi, zan koma in same su da murnata. Mutum ɗaya ne na kasa yi wa dariya, shi ne mai aiken gaisuwa.

Yana birni, yana da aiki, yana da motar da ta fi tamu lafiya nesa ba kusa ba. Mahaifiyarsa na ƙauye, inda in ya yi sallar asuba a gidansa zai karya kumallo a ɗakinta. Rabonsa da ita an yi babbar salla ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da ya ji za mu bi ta wajen, shi bai kawo keken ɗinki ba, bai kawo ko ƙullin goro ba. Waya ya bugo wa Malam: "Yaya, in kun biya ku gaishe min da Inna, ku ce ina nan tafe, abubuwa ne suka yi yawa."

Muka biya. Ɗakinta damina ta cinye kusurwa ɗaya an tokare da itace, idonta ya yi yana, 'yar maƙwabta ce ke ɗebo mata ruwa. Da ta ji ƙarar mota ta taso da lalube har zaure tana cewa, "Shi ne? Shi ne ya zo?" Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Muka ce mu ne. Ta ce madalla, madalla, ta yi murna da mu ta gaskiya, amma tana gaisawa tana kasa kunne wajen ƙofa ko akwai wanda ya tsaya rufe mota. Malam ya isar da gaisuwa. Ni na koma mota na ɗauko turmin atamfa da sabulu da 'yan kuɗin da na ware wa wani gidan, na ajiye a gabanta na ce in ji shi. Da girmana ya sa na yi wa tsohuwa ƙarya. Ta shafa atamfar ta ce ai ta sani, yaron nan bai manta da ita ba, aiki ne ya sha kansa. Ta yi ta sa masa albarka, mu muna amsawa da amin. Ta ƙulla gyaɗa a leda ta ce a kai wa 'ya'yansa, waɗanda ƙaraminsu ko muryarsa ba ta taɓa ji ba. Ba ta jiƙa mana kaya ba, ba ta ce rana ta tafi ba. Sauri take mu koma mu gaya masa ta gode.

Abin da ke ƙona min rai, irin wannan mutumin shi ne kan gaba wajen turo wa'azin zumunci a WhatsApp kowace Juma'a, da hoton furanni. Shi ne kuma na farkon da ya ce tafiyarmu almubazzaranci ce, mai ya yi tsada.

Da muka dawo Kano ya bugo. Malam na alwala, ni na ɗauka. "Anti, an dawo lafiya? Kun ga Inna? Tana nan ƙalau ko?" Na ce tana nan, ta ba da gyaɗa a kawo wa yara. Ya ce madalla, zai turo direba ya karɓa. Na ce gyaɗar ba ta direba ba ce, ya zo da ƙafarsa, in haɗa masa da lissafin atamfa da sabulu, da kwatancen garinsu in ya manta hanya. Ya ƙyalƙyale da dariya, a zatonsa wasan ƙanin miji ne. Na ce masa ba wasa nake ba, na kashe wayar.